Abebe Bikila, Sojan Habasha Da Ya Ci Tseren Rum Ba Takalmi

Ko wane mutumin Katsina ya san tsakanin birni da Jibiya tafiya ce. Kadan aka ce wa ƙaƙƙarfan saurayi ya tashi da ƙafa da asuba, in ya isa kafin la'asar sai a yaba masa. To, yau za mu ba ku labarin wani mutum wanda ya yi gudun kusan tsawon wannan hanya cikin sa'a 2 da minti 15, ba ko takalmi a ƙafarsa. Sunansa Abebe Bikila, mutumin Habasha. Muna so malaman makaranta da akawuna su karanta da lura, don akwai abin da ya shafi samarinmu a ciki.

Irin wannan tsere shi a ke kira gudun fanfalaki, waɗansu kuma su ce gudun ya da ƙanin wani. Tsawonsa mil 26 da yadi 385, watau kilomita 42 da 'yan kai, kuma yana cikin manyan wasannin Olimfik da a ke yi shekara huɗu huɗu.

Asalinsa

An haifi Abebe ran 7 ga Agusta, 1932, a wani ƙauye mai suna Jato cikin lardin Shawa. Ubansa makiyayi ne, shi ma da kiwo ya tashi. Yana da shekara 3 Italiya ta kawo wa Habasha yaƙi, cikin 1935, har ta ci Adis Ababa a 1936, Sarki Haile Selassie ya fita ƙasar. Iyayen Abebe suka yi gudun hijira kamar sauran talakawa. Wannan yaƙi kuwa ba baƙo ba ne gare mu, gama sojojin Nijeriya, da yawansu mutanen Arewa, suna cikin waɗanda suka kori Italiya, su ne suka taso daga Mogadishu suka shiga Harar cikin Maris, 1941. Cikin Mayu na wannan shekara Sarki ya komo gadonsa.

Yaran ƙauyen Habasha suna da wani wasa da su ke kira ganna, ana bugun ƙwallo da sanda mai lanƙwasa, filin wasan kuwa wani lokaci yakan kai daga wannan ƙauye zuwa wancan. Da wannan wasa, da bin dabbobi a kan duwatsu, Abebe ya sami ƙwarin ƙafa tun bai san akwai wani abu wai shi Olimfik ba.

Wajen 1952 ya tafi Adis Ababa ya shiga sojan da ke tsaron Sarki. A nan ya sami abokai masu son gudu, ya riƙa yin gudu ko wace rana tsakanin tuddan Sululta da birni, zuwa da komowa. Cikin 1956 aka yi tseren sojojin ƙasar, ya zo na biyu, wani mai suna Wami Biratu ya riga shi.

Malaminsa da abokan gudunsa

A lokacin nan akwai wani Bature mutumin Suwidin, Onni Niskanen, wanda Gwamnatin Habasha ta ɗauka don koyar da motsa jiki. Mutanen ƙasarsu sun saba da yin gudu cikin kurmi a kan hanyar ƙafa, su yi sauri su sassauta yadda ƙasa ta ba su hali. Da ya ga Abebe sai ya gane ya yi tsintuwa. Ya haɗa shi da sauran sojoji masu gudu, ya tsara musu aiki: wata rana doguwar tafiya a kan tudu da kwari, wata rana gajeren gudu da sauri, a huta kaɗan a sake, shi kuwa yana tsaye da agogo a hannu.

Akwai abu biyu a nan da ya kamata mu lura da su. Na fari, Adis Ababa tana bisa tudu kusan ƙafa 8,000 daga bakin teku, Katsina kuwa ba ta kai 2,000 ba. A can sama iska ba ta da kauri, sabo da haka jikin wanda ya zauna can yakan ƙara yawan jajayen ƙwayoyin jini masu ɗaukar iska zuwa gaɓoɓi. In ya sauko ƙasa ya yi tsere, ba ya saurin haki. Na biyu, Abebe bai yi gudu shi kaɗai ba. Kullum yana cikin ayari, in wannan ya gaji wancan ya ja gaba, mai ƙyuya kuma ya ji kunyar 'yan'uwansa ya fito. Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Cikin 1960, shekarar da ya yi aure, ya ci tseren gwaji a Adis Ababa cikin sa'a 2 da minti 21 da daƙiƙa 23. Wannan ya fi saurin da Emil Zatopek, shahararren mai gudu na ƙasar Cekoslobakiya, ya yi a Olimfik na 1952. Turawa da yawa da suka ji ba su gaskata ba, suka ɗauka ko agogon ne ba daidai ba, ko hanyar ce ba ta cika ba.

Daren Rum

Aka tura shi Rum tare da wani takwaransa, Abebe Wakjira. Takalman da ya samu a can ba su yi masa daidai ba, suka sa masa bororo a ƙafa, sai ya yanke shawara ya yi gudu ƙafa a ƙasa kamar yadda ya saba a gida. Ran 10 ga Satumba, 1960, da yamma, aka tashi, don a kauce wa zafin rana. Dare ya same su a hanya, sojojin Italiya suka jeru a bakin wata tsohuwar hanyar Rumawa riƙe da jiniya suna haskaka musu.

Tun kafin a yi rabi mutum biyu suka fice wa jama'a, Abebe da Rhadi ben Abdesselam, mutumin Maroko. Ana ba da labari cewa malaminsa ya gargaɗe shi ya kula da mai lamba 26, watau Rhadi, amma ran nan Rhadi ya sa wata lamba dabam. Abebe ya yi ta ƙara mai yana neman mai 26 a gaba, ashe shi ne wannan da ke kafaɗa da kafaɗa da shi.

A kusa da ƙarshen hanyar akwai wani dogon dutse sassaƙaƙƙe, wanda Italiya ta ɗauko daga Aksum, tsohon birnin Habasha, a 1937, ta kafa shi a Rum don alfahari. Ta gabansa Abebe ya wuce, ya yi wa Rhadi fintinkau, ya isa cikin sa'a 2 da minti 15 da daƙiƙa 16, Rhadi ya biyo bayan daƙiƙa 25. Ba wanda ya taɓa yin wannan sauri a duniya kafinsa. Takwaran nasa ya zo na bakwai. Shi ne baƙar fata na farko daga wata ƙasar Afirka da ya ci lambar zinariya a Olimfik, a babban birnin waɗanda suka ci ƙasarsu da yaƙi shekara 24 da suka wuce. Mako uku bayan haka Nijeriya ta sami mulkin kai. Dutsen nan kuwa sai a 2005 Italiya ta mayar wa Habasha da shi.

Da ya koma gida Sarki ya ba shi lambar girma, aka yi masa kofur. Murna ba ta daɗe ba. Cikin Disamba na wannan shekara, Sarki yana ziyara a Barazil, shugabannin sojan tsaronsa suka yi yunƙurin juyin mulki, abin bai yi nasara ba, aka kashe mutane da yawa. Da ya ke Abebe ɗan wannan runduna ne, aka kama shi aka bincike shi, sa'an nan aka sake shi.

Tokiyo

A 1961 ya ci tsere a Girka da Japan da Cekoslobakiya. A 1963 ya tafi Boston ta Amurka ya zo na biyar, har waɗansu suka fara cewa zamaninsa ya wuce. Ana saura mako biyar a yi tseren Olimfik na Tokiyo a 1964 kuma aka yi masa aiki a ciki, sabo da ciwon nan na hanji da likitoci ke kira afendis. Ba wanda ya sa rai zai ko tafi.

Ran 21 ga Oktoba ya fito, wannan karo da takalmi. Ron Clarke na Ostiraliya da Jim Hogan na Ailan suka ja gaba da sauri tun farko. Abebe bai bi su da garaje ba, ya riƙe tafiyarsa, ya cim musu, ya bar su. Ya shiga filin wasa shi kaɗai cikin sa'a 2 da minti 12 da daƙiƙa 11, ya sāke kafa sabon tarihi. Na biyu, Basil Heatley na Ingila, bai iso ba sai bayan minti 4 da ɗoriya. Kafin ya iso Abebe yana kan ciyawa yana miƙe gaɓoɓi, kamar wanda bai yi komai ba. Shi ne na farko da ya ci wannan tsere sau biyu a Olimfik, aka yi masa laftanan. A wasannin nan ne kuma Nojim Maiyegun ya ciwo wa Nijeriya lambarta ta farko, ta tagulla, a dambe.

A Meksiko, 1968, ya shiga da ciwo a siririn ƙashin ƙaurinsa, ya yi wajen mil 10 ya tsaya. Amma abokin gudunsa Mamo Wolde ya ci, zinariya ta tafi Habasha sau uku a jere. Nan amfanin ayari ya bayyana: jagaba ya faɗi, na bayansa ya ɗauki tuta. Bayan wannan aka yi wa Abebe kyaftin.

Ƙaddara

Ran 22 ga Maris, 1969, da dare, motarsa ƙirar Volkswagen ta kife da shi, ya kwana a ciki sai da safe aka ciro shi. Ƙashin wuyansa ya taɓu, jikinsa ya shanye. Aka kai shi asibitin Stoke Mandeville a Ingila, ya yi wata 8. Hannuwansa suka dawo, ƙafafun nan da duniya ta sani ba su ƙara takawa ba.

A ganinmu, abin da ya yi daga nan ya fi na Rum nuna halinsa. Yana kan keken guragu ya koyi harbin baka da ƙwallon tebur, ya shiga wasannin naƙasassu a Ingila a 1970. A 1971 ya tafi Norwe, ƙasar sanyi, ya ci tseren keken ƙanƙara wanda karnuka ke ja. A 1972 aka gayyace shi Olimfik na Munich a Jamus, jama'a suka miƙe tsaye don girmama shi. Ya rasu ran 25 ga Oktoba, 1973, a Adis Ababa, jini ya zuba a ƙwaƙwalwarsa sanadin haɗarin nan. Shekarunsa 41. Dubban mutane suka raka shi, da Sarki kansa.

Abin da ya bari

Hanyar da ya buɗe ba ta toshe ba. A bayansa Habasha ta fid da Miruts Yifter, da Haile Gebrselassie, da Derartu Tulu wadda ta ci zinariya a 1992. Har yanzu da asuba samari da 'yan mata sukan yi layi cikin itatuwan turare na dutsen Entoto, bayan Adis Ababa, suna bin sawun juna a hanyar ƙafa. Akwai ma tseren da ya fi na Abebe tsawo, wanda shi bai yi ba, kamar Comrades na Afirka ta Kudu, tsakanin Durban da Pietermaritzburg, mil 50 da 'yan kai, wanda ya ɗara tsakanin Katsina da Daura. An fara shi a 1921, ba a yarda baƙar fata su shiga ba sai 1975, a 1989 kuma Samuel Tshabalala ya zama na farkonsu da ya ci. Masu shirin irin wannan tsere su ma a ƙungiya su ke yi, kamar yadda Abebe ya yi.

Mu fa? Tun da aka fara babban gudun fanfalaki na Ikko a 2016, yawanci mutanen Kenya da Habasha ke kwashe manyan kyaututtuka, mu muna tafi. Alhali kuwa mu jikokin fatake ne waɗanda suka taka har Gwanja, da alhazan da suka tafi Makka da ƙafa, da zagage masu gudu gaban dokin sarki. Gaskiya ne ba mu da tudun Habasha, amma tudu kaɗai bai yi Abebe ba, sai da ya sami malami mai agogo, da abokai, da shekaru na fita kullum kafin Rum.

Sabo da haka muna kira ga malaman makarantun Katsina, ko wane ya tara yara goma ko ashirin masu sha'awa. A fita bayan sallar asuba ta Ƙofar Guga ko Ƙofar Sauri, a bi hanyoyin gona masu rairayi, gama sun fi kwalta sauƙi ga gwiwa. A fara da mil 2 ko 3, a riƙa ƙarawa kaɗan kaɗan, mai ƙarfi ya jira mai rauni. A tanadi ruwan sha, a guji rana tsaka, balle da bazara. Kada kuma yaro ya tuɓe takalmi don kwaikwayo, Abebe ya taso a haka ne, ƙasarmu kuwa ga ƙaya ga ƙarangiya. Akawu kuma yana da nasa aiki: ya riƙe littafi, ya rubuta sunan ko wane yaro da nisan da ya yi da lokacinsa, don da irin wannan lissafi Niskanen ya san abin da ke hannunsa tun Turai ba ta sani ba. Allah ya ba mu masu himma.