Tarihin Rayuwar Yohanna na Allah (1495–1550)

Daga cikin mutanen da tarihin jinyar masu taɓin hankali ba zai manta da su ba akwai wani bawan Allah Kirista, wanda Ikilisiyar Katolika take kira Yohanna na Allah. Mutumin nan ba likita ba ne, ba kuwa fada ba ne. Abin da ya bambanta shi da sauran masu jinƙai na zamaninsa shi ne, shi da kansa an taɓa ɗaure shi a ɗakin mahaukata, ya kuma sha bulalar da ake yi musu da sunan magani. Daga wannan ɗaki ya fito da niyyar da ya ƙare rayuwarsa a kanta.

Haihuwarsa da Ƙuruciyarsa

An haifi Yohanna a garin Montemor-o-Novo na ƙasar Fotugal cikin shekarar 1495. Yana ɗan shekara takwas ya rabu da iyayensa, ya tsinci kansa a garin Oropesa na ƙasar Sifen, inda ya tashi yana kiwon tumaki. Da ya girma sai ya shiga soja. Ya yi yaƙi da Faransawa a Fuenterrabia a 1523, ya kuma bi rundunar da ta tafi kare birnin Biyana daga Turkawa a 1532. Bayan ya bar soja ya haye zuwa Sabta a gaɓar arewacin Afirka, ya yi leburanci a wajen ginin ganuwa, yana ciyar da iyalin wani basarake da aka kora daga Fotugal da ɗan abin da yake samu. Daga bisani ya koma Sifen yana tallar littattafan addini ƙauye-ƙauye, har ya buɗe ɗan shago a Garnaɗa, watau tsohon birnin nan na Andalus.

Ciwonsa

A ƙarshen shekarun 1530, ranar 20 ga watan Janairu, Yohanna ya halarci wa'azin wani shahararren malamin Kirista mai suna Yohanna na Abila. Wa'azin ya girgiza shi ainun. Ya fito yana kuka yana neman gafara, ya rabar da kayan shagonsa, ya yayyaga tufafinsa, yana birgima cikin taɓo, yara kuwa suna binsa da jifa. Mutane suka kama shi suka kai shi Asibitin Sarki, sashen da ake tsare masu taɓin hankali.

A wancan zamani ana ganin cewa azaba ce take dawo da hankali. Saboda haka aka ɗaure shi hannu da ƙafa, aka yi ta tsula masa bulala. Francisco de Castro, wanda aka buga littafinsa na tarihin Yohanna a 1585, ya nuna cewa dukan da ake yi wa 'yan'uwansa marasa lafiya ya fi damunsa a kan nasa, har yakan tsawata wa masu gadin a kan rashin imaninsu. A nan ne ya roƙi Allah ya ba shi ikon mallakar asibiti, inda zai tara matalauta da waɗanda hankalinsu ya gushe, ya yi musu hidima yadda ya kamata.

Malamin da ya yi wa'azin bai yar da shi ba. Ya ɗauke shi almajiri, ya yi ta kwantar masa da hankali, ya nuna masa cewa tuba ta gaskiya tana cikin yi wa mutane hidima, ba cikin azabtar da kai ba. Wannan riƙo da malamin ya yi masa shi ya sa nadamarsa ta zama aiki.

Aikinsa

Da ya sami sauƙi sai ya fara sayar da itace yana ciyar da mabarata. Bayan ɗan lokaci ya kama hayar gida a Garnaɗa, ya shiga kwaso marasa lafiya daga tituna, wanda bai iya tafiya ya goya shi. Ba ya tambayar mutum asalinsa ko halinsa. Yakan wanke su da hannunsa, ya ware su bisa ga irin ciwonsu, ya ba kowa gadonsa, alhali a asibitocin zamanin akan cusa mutum biyu ko uku a gado ɗaya. Da dare kuma sai ya ɗauki kwando da tukwane biyu ya zaga gari yana bara, yana tunatar da mutane cewa mai ba da sadaka kansa yake yi wa alheri. Bishop na Tuy ne ya laƙaba masa sunan Yohanna na Allah.

Aikin bai zo masa da sauƙi ba. Bashi ya yi masa katutu, har ya tafi fadar Yarima Filibus a Valladolid neman taimako, amma yawancin abin da ya samu ya rabar wa matalautan can. Wasu kuma suka kai ƙararsa wurin Babban Bishop Pedro Guerrero cewa yana tara 'yan iska da karuwai. Ya amsa da cewa shi bai san wani mugu a gidan ba sai shi kansa, kuma bai kori kowa ba. A 1549 gobara ta tashi a Asibitin Sarki, inda aka taɓa ɗaure shi. Yohanna ya kutsa cikin wutar, ya yi ta fito da marasa lafiya.

Rasuwarsa

Lokacin da kogin Genil ya yi ambaliya, Yohanna ya faɗa cikin ruwan sanyi don ya ceci wani saurayi. Daga nan ciwo ya kama shi, ya rasu ranar 8 ga watan Maris 1550, yana da shekara 55. Paparoma Pius na Biyar ya amince da ƙungiyar mabiyansa a 1572. An ayyana shi waliyyi a 1690, sa'an nan a 1886 Paparoma Leo na Goma Sha Uku ya sanya shi majiɓincin asibitoci da marasa lafiya. Mabiyansa sun ci gaba da kula da masu taɓin hankali, kamar yadda Benedikt Menni ya yi da ya buɗe musu asibiti a Ciempozuelos kusa da Madrid.

Kammalawa

Yohanna bai gano wani magani na ciwon hauka ba. Abin da ya gano shi ne, mai wannan ciwo mutum ne mai daraja a gaban Allah, kuma wanka da abinci da gado da kyakkyawar magana sun fi sarƙa amfani gare shi. Ginin asibitin da aka yi masa bulala yana nan har yanzu, ya zama ofishin shugabannin Jami'ar Garnaɗa.