SUSANA WESLEY, UWAR DA TA RATSA WUTA DA TSOHON CIKI

Ya mai karatu, ko kai sabon shiga ne cikin hanyar Almasihu, ko kuwa har yanzu kana tsaye a bakin ƙofa kana bincike, ka kasa kunne ga wannan labari. Akwai wani zato da ya kan kama zukatan masu sabon tuba. Su kan yi tsammani wai tun da sun bi Yesu, ciwo da talauci da mutuwar 'ya'ya za su ƙetare gidansu. Sa'an nan idan matar gida ta yi ciki, ga rumbu ba hatsi, ga goyo ba lafiya, sai zuciya ta karai, dangi kuma su taso da maganar laya da boka. Saboda irin wannan rana na ke so in ba ka labarin wata baiwar Allah, Susana Wesley ta ƙasar Ingila, wadda ta haihu har 19, ta binne tara tun suna jarirai, gidanta ya ƙone tana da tsohon ciki, duk da haka ba ta saki Ubangijinta ba.

An haife ta a birnin Landan cikin shekara ta 1669. Ubanta, Sama'ila Annesley, mai wa'azin Bishara ne sananne, ita ce kuwa autar 'ya'yansa 25. Ya koya mata karatu sosai a zamanin da ba a kula da ilimin mata ba. Tun tana yarinya ta kafa wa kanta doka, cewa lokacin da za ta ɓatar wajen wasa ba zai wuce wanda za ta ba addu'a da karatun Littafi Mai Tsarki ba. Ka riƙe wannan, gama abin da ta tara a kwanakin sauƙi, shi ta ci a kwanakin wuya.

Cikin 1688 ta auri Sama'ila Wesley, malamin ikkilisiya, mutum mai ilimi da himma, amma marar dabarar riƙon kuɗi, mai saurin fushi kuma. Da fari albashinsa ƙanƙane ne ƙwarai. Bayan 'yan shekaru aka ba shi kiwon ikkilisiyar wani gari mai suna Epworth, inda ƙasar fadama ce, mutanen kuwa masu taurin kai. Ya shiga garin da bashi a wuyansa, bai rabu da bashin ba har ya mutu. Ita kuwa Susana kusan kowace shekara ko tana da ciki ko tana jego, gama haihuwar nan 19 cikin shekara wajen 20 ta yi ta. Jikinta ya raunana, sau da yawa daga kan gado ta ke tafiyar da gida.

Kada ka zaci zaman aurensu ba gargada. Wata rana wajen addu'ar iyali, maigidan ya lura matarsa ba ta amsa amin ba sa'ad da ya roƙa wa Sarki Wilyam albarka, domin ita a ganinta sarautar ba hakkinsa ba ce. Ya husata, ya bar mata gida da yara watanni da yawa. Ba ta bi shi da zagi ba, ba ta kuma faɗi abin da zuciyarta ba ta yarda da shi ba don neman sulhu. Ta zauna ta riƙe 'ya'yanta. Cikin 1702 sarkin ya mutu, gobara kuma ta ci wani sashi na gidan, maigidan ya komo suka shirya. A shekara ta 1703 ta haifi Yohanna, wanda duniya ta sani daga baya.

Shekara ta 1705 ta fi tsanani. Aka yi zaɓe a ƙasar, mutanen gari suka ƙullaci Sama'ila saboda wanda ya goyi baya. Suka kwana suna kiɗa da ihu da harbin bindiga a ƙofar gidan, Susana kuwa tana cikin ɗanyen jego. Matar da ke renon jaririn ta rasa barci saboda hayaniyar, da barci ya sace ta daga baya sai ta danne yaron, aka wayi gari ya mutu. Ba a jima ba wani mai bin Sama'ila bashi, wanda bai kai fam 30 ba, ya sa aka kai shi kurkuku a birnin Lincoln. Magabta suka sassari shanun gidan, waɗanda yara ke shan nononsu. Susana ba ta da kome na sayarwa sai zobbanta, ta aika wa mijinta da su don ya sami abinci, shi kuwa ya komo mata da su. Dubi yadda mutum biyu da suka taɓa rabuwa a kan amin guda suka koyi jin tausayin juna cikin wahala. Ya yi wajen wata uku a tsare kafin abokai su biya masa.

A kwanakin nan babban bishop na York ya tambaye ta ko ta taɓa rasa abinci ɗungum. Ba ta yi ƙaryar wadata ba don a yabi bangaskiyarta. Ta amsa da gaskiya cewa ba ta taɓa rasawa sarai ba, amma wahalar samunsa kafin a ci, da wahalar biyansa bayan an ci, sun kusa zama daidai da rashi. Mai bi ba ya bukatar ɓoye yunwarsa domin ya kāre sunan Allah.

Yanzu ga babban gwaji. Daren 9 ga Fabrairu 1709, cikin tsananin sanyi, wuta ta kama gidan. Ginin na katako ne, rufinsa na ciyawa. Susana tana da shekara 40, cikinta ya tsufa, saura kamar wata guda ta sauka, ba ta kuwa da lafiya. Wata 'yarsu ta farka domin garwashi ya faɗo mata daga rufi, ta ta da ubanta. Aka yi ta kwasar yara cikin duhu da hayaƙi. Da aka buɗe ƙofar waje sai iska ta turo harshen wuta cikin gida. Waɗansu yaran aka fid da su ta taga, waɗansu ta ƙaramar ƙofar lambu. Susana kuwa nauyin ciki ya hana ta hawan taga, ba ta kuma iya kaiwa ga ƙofar lambun ba. Sau uku ta nufi babbar ƙofa, sau uku wuta ta komo da ita. Sa'an nan ta yi kuka ga Mai Cetonta ya taimake ta, ta sa kai ta ratsa tsakiyar wutar, ta fita da ƙuna kaɗan a hannu da fuska.

Da aka ƙidaya yara sai aka ga ba Yohanna, yaro ɗan shekara biyar, an bar shi yana barci a bene. Uban ya yi ƙoƙarin hawa, matakala ta riga ta ci wuta. Ya durƙusa ya danƙa ran yaron ga Allah. Amma yaron ya farka, ya hau bisa akwati ya leƙo ta taga. Ba lokacin ɗauko tsani, sai wani maƙwabci ya tsaya jikin bango, wani ya hau kafaɗarsa ya fizgo yaron, nan da nan rufin ya rufta ciki. Uban ya kira maƙwabta su durƙusa tare da shi su yi godiya, gama 'ya'yansa sun tsira duka, ko da ya ke gida da tufafi da littattafai sun zama toka. Cikin watan Maris Susana ta sauka lafiya, ta haifi mace, aka sa mata suna Keziya.

Ya mai karatu, tsaya nan ka yi tunani. Addu'ar Susana ba ta kashe wutar ba. Abin da Allah ya ba ta shi ne ƙarfin zuciya ta ɗaga ƙafa ta bi ta ciki. Ta roƙa, sa'an nan ta taka. Yaron kuma ta hannun maƙwabta biyu Allah ya cece shi. Haka Ubangiji ya saba yi da nasa, ya kan ba da taimako ta wurin ƙafafunmu da kafaɗun 'yan'uwanmu.

Bayan gobara aka rarraba yaran gidajen mutane har a sāke gini. Da suka komo sai uwar ta ga sun kwaso maganganun banza da rashin ladabi, sun manta da kiyaye ranar Ubangiji. Ga jaririya a hannu, ga gida ba kaya, amma ba ta ce sai ta huta tukuna ba, gama ta san icce tun yana ɗanye a kan tanƙwara shi. Ta komar da makarantarta ta cikin gida: sa'a shida kowace rana, daga ƙarfe 9 zuwa 12, kuma daga 2 zuwa 5. Kowane yaro ya kan soma koyon baƙaƙe da ya cika shekara biyar. Ta ƙara da raira zabura a farkon karatu da ƙarshensa, ta kuma sa kowane babba ya ɗauki ƙaraminsa su karanta sura tare, safe da yamma.

Cikin dokokinta akwai waɗanda ya kamata kowane gidan masu bi ya duba. Yaron da ya yi laifi, idan ya faɗi gaskiya ya yi alkawarin gyarawa, ba a dūkansa, domin ta lura tsoro ne ke koya wa yara ƙarya. Ba a hukunta yaro sau biyu a kan laifi ɗaya, ba a kuma yi masa gori da shi daga baya. Alkawarin da aka yi wa yaro sai a cika. 'Ya mace kuwa ba a koya mata ɗinki sai ta iya karatu sosai. Gaskiya ne horonta ya yi tsanani a wani waje, gama tana sa bulala tun yara suna ƙanana ƙwarai, bisa ga al'adar zamaninta. Wannan ba shi ne abin koyi a wurinta ba. Abin koyi shi ne naciya da adalci.

Cikin hunturun 1711 zuwa 1712, maigidan yana Landan wajen taron ikkilisiya, ta karanta labarin masu bishara biyu da sarkin Denmak ya aika ƙasar Indiya. Zuciyarta ta ƙuna. Ta ga ita mace ce mai yara, ba ta da ikon ƙetare teku, amma tana da jama'a a ɗakinta. Sai ta ware wa kowane yaro maraicensa a mako domin su yi zancen ransa su biyu kaɗai. Na Yohanna ran Alhamis ne. Ran Lahadi da yamma kuma ta kan tara iyali a ɗakin girki, ta karanta musu wa'azi, su yi addu'a. Maƙwabta suka ji, suka yi ta zuwa har suka kai wajen 200. Malamin da ke riƙon ikkilisiya ya kai ƙara wurin mijinta. Ta rubuta wa mijin da ladabi cewa idan yana so a daina, kada ya ce yana so kawai, sai ya ba da umarni sarai, domin alhakin rayukan nan ya koma wuyansa a ranar shari'a. Bai ba da umarnin ba.

Mijinta ya rasu cikin 1735, ta rasa gidan, ta zauna wurin 'ya'yanta bi da bi. A shekarar nan Yohanna da ƙanensa Charles suka nemi yardarta su tafi aikin Bishara a Amurka, ta sallame su da murna ko da ya ke gwauruwa ce marar abin hannu. Kada ka zaci kowane abu ya ƙare mata da daɗi: waɗansu 'ya'yanta mata sun sha baƙin cikin aure, waɗansu manyan 'ya'yan kuma sun riga ta mutuwa. Ita kanta, bayan dukan hidimar nan, sai cikin 1739, tana da shekara 70, wajen cin Jibin Ubangiji, ta sami tabbaci mai zurfi a zuciyarta cewa an gafarta zunubanta saboda jinin Almasihu. Aikinta mai yawa ne, amma ba a kansa ta jingina ba. Ta yi barci cikin Ubangiji a Landan ran 23 ga Yuli 1742, bayan ta roƙi 'ya'yanta su raira zaburar yabo da zarar ranta ya fita.

Yaron nan da aka fizgo ta taga shi ne Yohanna Wesley, wanda Allah ya ta da ikkilisiyar Metodis ta hannunsa. Charles kuwa, wanda mai reno ta fita da shi a hannu daren gobara, ya rubuta waƙoƙin sujada fiye da 6,000. Shekara 100 daidai bayan mutuwarta, cikin 1842, mai bisharar Metodis, Thomas Birch Freeman, ya sauka a Badagry, a bakin tekun ƙasar da a ke kira Nijeriya yanzu. Susana ba ta ga wannan ba sa'ad da ta ke koya wa yara baƙaƙe da ciwon baya.

To, ke 'yar'uwa mai juna biyu, kada nauyin jiki da ƙarancin abinci su sa ki ce Allah ya manta da ke. Ki keɓe lokacin addu'a kowace rana, ko kaɗan ne. Ki roƙa, sa'an nan ki taka: ki je awo a asibiti, ki faɗa wa matan ikkilisiya bukatarki ba tare da kunya ba. Idan an kawo miki laya don tsaron ciki, ki ƙi da ladabi, gama ranki da na abin da ke cikinki suna hannun Mahaliccinsu. Idan kuwa kin taɓa binne ɗa, ki sani wannan ba alamar fushin Allah ba ce, Susana ta binne tara, tana kuwa cikin ƙaunarsa.

Kai kuma maigida, ka ga abin da bashi da fushi suka jawo wa gidan Sama'ila. Ka guji cin bashin da ba ka da hanyar biya, kada kuma ka bar matarka da tulu da itace sa'ad da cikinta ya tsufa. Ku kuma jama'ar ikkilisiya, ku zama kamar maƙwabtan nan biyu, ɗaya ya ba da kafaɗa, ɗaya ya miƙa hannu.

Kai mai bincike kuwa, ba mu yi maka alkawarin gida marar gobara ba. Abin da mu ke shaida maka shi ne Yesu Almasihu, wanda ya sha wahala ya mutu saboda zunubanmu, ya kuma tashi, ba ya barin nasa su ratsa wuta su kaɗai. Ka zo gare shi yau. Allah ya ba mu alherin jimrewa har matuƙa. Amin.