Carl Linnaeus: Mutumin da Ya Raɗa wa Kuka Suna

Duk wanda ya yi firamare a ƙasar nan zai tuna darasin nan na abubuwa masu rai da wuraren zamansu: kifi a ruwa, raƙumi a hamada, biri a kurmi. Abin da ba a gaya mana ba shi ne, kalmar habitat da malamai suke rubutawa a allo asalinta aikatau ce a harshen Latin, ma'anarta yana zaune. Da ita Carl Linnaeus yake fara layin da ke bayyana inda ake samun kowace halitta a cikin littattafansa.

An haifi Linnaeus ranar 23 ga Mayu, 1707, a ƙauyen Råshult da ke kudancin Suwidin. Mahaifinsa limamin coci ne mai son aikin lambu, kuma burin iyayensa shi ne ya gaji mahaifin. Yaron kuwa hankalinsa yana kan tsirrai, don haka ya karkata ga ilimin likitanci, ya shiga Jami'ar Lund a 1727, shekara guda bayan nan ya koma ta Uppsala.

A 1732 ya yi tafiyar watanni zuwa Lapland, can arewa inda rana ba ta faɗuwa a tsakiyar lokacin zafi. Ya tattara tsirrai, ya kuma lura da yadda mutanen Sami suke rayuwa da wata irin barewa da suke kiwo. A 1735 ya tafi Holan, ya sami digirin likita, ya kuma buga Systema Naturae. Bugun farko 'yan shafuka ne kawai.

Babban aikinsa, wanda ya kamata ya ja hankalinmu mu ɗaliban harshe, shi ne raɗin suna. Kafin zamaninsa sunan tsiro guda a Latin yakan zama doguwar jimla, kuma kowane masani da irin tasa. Linnaeus ya tsayar da kalma biyu: ta farko ta dangi, ta biyu ta ainihin halittar. Ya bi wannan tsari a littafin Species Plantarum na 1753, mai ɗauke da tsirrai kusan 6,000, sannan ya yi wa dabbobi haka a 1758. Shi ya kira kuka Adansonia digitata, don karrama Michel Adanson, Bafaranshen da ya yi nazarinta a Senegal. Tsamiya kuwa ya kira ta Tamarindus indica, daga Larabci tamar hindi, wato dabinon Indiya, alhali masana suna ganin Afirka ce tushenta. Ashe shi ma yakan kuskure adireshi.

Kuskurensa game da muhalli ya wuce nan. Ya yi imani cewa za a iya saba wa tsirran ƙasashen zafi da sanyin Suwidin sannu a hankali, domin ƙasarsa ta daina kashe kuɗi wajen sayo kaya daga waje. Tun a 1736 ya sa ayaba ta yi fure a wani ɗakin rainon tsirrai mai ɗumi a Holan, wataƙila wannan ne ya ƙara masa ƙwarin guiwa. Ya yi shekaru yana fafutukar samun itacen shayi daga Sin, ya samu a 1763, amma noman shayi bai yiwu ba. Daga cikin ɗaliban da ya tura ƙasashe masu nisa neman tsirrai, da dama sun rasu a can.

Akwai kuma abin da ba zan iya tsallakewa ba. Shi ya sa wa ɗan Adam suna Homo sapiens, ya haɗa shi rukuni guda da birai. Amma ya kasa mutane gida huɗu bisa nahiya da launin fata, ya jingina wa baƙar fatar Afirka halaye na ƙasƙanci, shi da bai taɓa taka Afirka ba. Masu wariyar launin fata sun daɗe suna fakewa da wannan rabo, wanda kimiyya ta yi watsi da shi.

Ya zama farfesa a Uppsala a 1741, ya kuma rasu ranar 10 ga Janairu, 1778. Daga baya matarsa ta sayar da littattafansa da busassun tsirransa ga wani Baturen Ingila, James Edward Smith, kuma suna Landan har yanzu. Idan mai karatu ya ga harafin L. a bayan sunan kuka ko tsamiya a littafin kimiyya, to sa hannun Linnaeus ke nan.