Big Mama Thornton: Zabiyar Da Aka Ci Guminta

'Yan'uwana mata, yau ga labarin wata zabiya baƙar fata ta ƙasar Amurka, Willie Mae Thornton, wadda ake kira Big Mama saboda girman jiki da ƙarfin murya. An haife ta a Jihar Alabama a 1926. Tana shekara 14 ta bar gida, ta bi mawaƙa masu yawo gari-gari.

A 1952 ta rera waƙar Hound Dog, kamfanin Peacock ya buga ta a faifan garmaho. Da faifan ya fito a 1953, sai da ya yi mako 7 yana kan gaba cikin waƙoƙin Rhythm and Blues, amma dala 500 kacal ta ce an ba ta. A 1956 Elvis Presley ya sake rera waƙar, faifansa ya sayu miliyoyi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi!

Ta rasu a Los Angeles a 1984 cikin talauci. Yau masu tara tsofaffin fayafayai suna neman nata ruwa a jallo. Ke uwargida, ke 'yar makaranta, kafin ki sa hannu a kowace takarda, karanta, ki san farashin guminki.