Gustab Adolf: Sarkin Suwidin da ya mutu cikin hazo

Bai cika shekara 17 ba lokacin da Gustab Adolf ya gaji sarautar Suwidin a 1611, ya kuma gaji yaƙi da Denmak da Rasha da Folan.

A zamaninsa dakaru kan cunkushe wuri guda, masu dogayen māsu a tsakiya, 'yan bindiga a gefe. Shi sai ya rage kaurin sahu zuwa layi shida domin bindigogi da yawa su yi aman wuta tare, ya sanya 'yan bindiga tsakanin mahaya, ya ƙara da ƙananan igwa masu sauƙin ja. Da wannan tsari ya murƙushe rundunar Janar Tilly a Breitenfeld a 1631, yaƙin da har yau masu wasan dabarun yaƙi ke sake bugawa a kan tebur da 'yan mutum-mutumin sojoji.

Sai dai sarki ne da ba ya tsayawa baya. A Lützen, cikin Nuwamban 1632, ya jagoranci mahaya ba sulke, saboda tsohon raunin harsashi a kafaɗarsa. Hazo da hayaƙi suka raba shi da mutanensa, aka harbe shi yana da shekara 37. 'Yarsa Kiristina, da ba ta cika shekara shida ba, ita ta gaje shi.