SARKIN MUSULMI MUHAMMADU BELLO, MAI TSARON IYAKA

A wannan fitowa za mu leƙa tarihin Muhammadu Bello ɗan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah Ya jiƙansu, mu ga yadda ya kare jama'arsa daga mahara.

An haifi Bello a shekarar 1781. Ya yi karatu wajen mahaifinsa da kuma ƙanen mahaifinsa, Malam Abdullahi. Yana ɗan shekara 23 aka yi hijira daga Degel zuwa Gudu a 1804. Shi ya jagoranci rundunar da ta ci Alƙalawa, babban birnin Gobir, a 1808, sannan ya kafa birnin Sakkwato a 1809.

Da Shehu ya rasu a 1817, sai aka yi wa Bello mubaya'a. Nan da nan fitina ta taso daga cikin gida. Malam Abdussalami, wanda yake cikin almajiran Shehu, ya yi tawaye a Kware, dab da Sakkwato. Bello bai yi gaggawar zare takobi ba. Sai da ya yi ta aika masa wasiƙu na nasiha, da abin ya faskara sannan ya fita, aka ci Kware a farkon 1818.

Daga waje kuma, Gobirawa da Katsinawan Maraɗi da wasu Abzinawa ba su daina kawo hari ba. A 1836 suka haɗa kai suka tara runduna babba. Bello ya fita da kansa, aka gwabza a Gawakuke. Allah Ya ba shi nasara, aka kashe Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsinan Maraɗi Rauda.

Amma babbar dabarar Bello ita ce ribaɗi. A Larabci asalin kalmar ɗaurewa ne, watau a ɗaure dawaki a bakin iyaka ana jiran ko-ta-kwana, kuma ayar ƙarshe ta Suratu Ali Imrana ta yi umurni da shi. Bello ya lura cewa rundunar da ta ci nasara takan koma gida, maharin kuwa ya dawo baɗi. Saboda haka ya gina garuruwa masu ganuwa a kan iyaka, ya ɗora 'ya'yansa da 'yan'uwansa a kansu. Ya zaunar da makiyaya, ya kwaɗaitar da noma da sana'a, aka kafa masallatai da makarantu. Mutumin da yake da gona da iyali a wuri ba ya gudu ya bar shi. Bello kansa ya bar jin daɗin Sakkwato ya tare a ribaɗin Wurno. A can ya rasu a 1837, bayan shekara 20 yana mulki, can kuma kabarinsa yake. Duk da yaƙe-yaƙen nan bai ajiye alƙalami ba. Cikin littattafansa akwai Infaƙul Maisuri, wanda ya kammala a 1812.

To, ya matasan zango, jikokin waɗanda suka yi waɗannan yaƙe-yaƙe yau a sahu ɗaya suke salla, ba sauran gaba. Maharanmu na yanzu su ne wiwi da ƙwaya, da caca, da 'yan siyasar da ke hayar matasa su yi musu faɗa lokacin zaɓe. Wa'azin rana ɗaya yakan kore su, amma sukan dawo. Abin da zai hana su dawowa shi ne makarantar dare da ba ta rufewa, da sana'a a hannun kowane yaro, da babban wa da ya san inda ƙanensa ya kwana. Kowace unguwa ta duba ta wace kafa ɓarna take shigo mata, ta sa masu tsaro a nan.

Allah Ya gafarta wa Bello, Ya tsare mana zuriyarmu. Amin.