Samuel Ajayi Crowther, Bawan Da Ya Zama Bishop

Yawancinmu mun san sunan Bishop Crowther daga darasin tarihi. Mukan haddace cewa shi ne baƙar fata na farko da ya zama bishop a Cocin Angilikan, mu rubuta a jarrabawa, mu wuce abinmu. Amma wanda ya bi labarinsa daki-daki zai tarar da mutum ne da wahala ta yi ta bi tun yana yaro har ya tsufa, bai kuwa yarda ta ɓata masa zuciya ba. Dalilin da ya sa na zaɓi in ba da labarinsa ke nan.

An haife shi wajen shekara ta 1809 a wani gari da ake kira Oshogun a ƙasar Yarabawa, cikin Jihar Oyo ta yanzu, aka sa masa suna Ajayi. A zamanin nan daular Oyo ta soma wargajewa, yaƙi ta ko'ina, kowa na kama ɗan'uwansa yana sayarwa. Ran nan da hantsi, cikin 1821, mata na cikin haɗa abin karin kumallo, sai mahara suka kewaye garin. Uban Ajayi ya ɗauki makami ya fita, daga ranar ba su sāke ganinsa ba. Aka kama yaron da uwarsa da ƙannensa mata biyu, aka ɗaura musu igiya a wuya, aka sa wa garin wuta suna ji suna gani. Shekarunsa ba su wuce goma sha uku ba.

Ba a daɗe ba aka raba shi da uwarsa. Da farko musanya shi aka yi da doki. Da dokin bai yi wa mai shi ba sai aka warware cinikin, aka komo da yaro. Daga nan ya yi ta wucewa daga hannu zuwa hannu, har aka taɓa ba da shi a bakin taba da barasa. Shi da kansa ya rubuta daga baya cewa baƙin ciki da tsoron Turawa sun sa ya yi ƙoƙarin shaƙe kansa da ɗamararsa, ba sau ɗaya ba, amma ya kasa. Ashe da sauran shan ruwa a gaba. A ƙarshe aka kai shi Ikko, watau Legas, aka sayar da shi ga fataken bayi na Fotugal, suka sa shi a mari.

A watan Afrilu na 1822 aka loda su, su 187, cikin wani jirgin ruwa mai suna Esperanza Felix. Ma'anar sunan da harshen Fotugal ita ce bege mai daɗi. Ku ji fa, jirgin bayi da wannan suna! Amma abin ikon Allah, kafin jirgin ya yi nisa sai jiragen yaƙin Ingila suka tare shi, domin tun 1807 Ingila ta haramta fataucin bayi, ta kuma sa jiragenta suna sintiri a bakin tekun Afirka ta Yamma. Ajayi bai san ceto ne ya zo ba. Da aka hau da shi jirgin Ingilishi ya ga naman alade a rataye, ya kuma ga harsasan igwa an jera, sai ya ɗauka naman 'yan'uwansa ne da kawunansu, saura shi. Sai da ya duba da kyau, ya ga kofato a jikin naman, sa'an nan hankalinsa ya kwanta.

A watan Yuni aka sauke su a Firitawun ta ƙasar Saliyo, inda ake tara 'yantattun bayi. Nan ya shiga makarantar 'yan mishan na C.M.S. Yaro ne mai kaifin basira, cikin wata shida ya iya karanta Sabon Alkawari. Ran 11 ga Disamba, 1825, aka yi masa baftisma, ya ɗauki sunan Samuel Crowther, wani limamin coci na Landan. A 1827 da aka buɗe Kwalejin Fourah Bay, shi ne ɗalibinta na farko. Ya zama malamin makaranta, ya auri wata malama mai suna Asano, wadda aka yi wa baftisma da sunan Susan. Ita ma daga jirgin bayi aka ƙwato ta.

Da ya so, da ya ƙare ransa a Saliyo cikin rufin asiri. Amma a 1841 Gwamnatin Ingila ta aiko da jirage uku su hau Kogin Kwara, don ƙulla yarjejeniya da sarakuna a daina cinikin bayi, a kama noma da halastaccen ciniki. C.M.S. ta sa Crowther ya bi su, tare da wani Bajamushe, J. F. Schön. Tafiyar ba ta yi kyau ba ko kaɗan. Zazzaɓi ya kashe Turawa fiye da arba'in, gonar gwaji da aka kafa a Lakwaja ta watse. Abin da 'yan mishan suka gane daga wannan hasara shi ne, in ana son bishara ta shiga cikin ƙasa, sai dai 'yan ƙasa su kai ta. (Mu masu karatun Hausa ya kamata mu riƙe sunan Schön ɗin nan. Shi ya buga littafin nahawun Hausa a 1862 da ƙamus a 1876, kuma shi ya rubuta labarin Dorugu.) Aka kira Crowther Ingila, aka naɗa shi limamin coci a 1843.

Abin da ya fi taɓa mini zuciya a duk tarihinsa ya faru ne a 1846, sa'ad da ya isa Abekuta tare da Henry Townsend don kafa mishan. Bai fi 'yan makonni da sauka ba sai labari ya zo masa cewa uwarsa, Afala, tana da rai a wani gari nan kusa. Shekara ashirin da biyar ke nan rabonsu. Ita ta san yaro ɗan shekara goma sha uku da igiya a wuya, ga shi yanzu magidanci, da mata da 'ya'ya, sanye da tufafin limaman coci. Shi kuwa ya tarar da tsohuwa wadda ita ma ta ɗanɗana bauta. Suka riƙe juna suna duban juna, magana ta gagara, sai hawaye. Aka nemo ƙannensa mata su ma. A 1848 aka yi wa uwar baftisma da sunan Hannatu, wanda ya dace ƙwarai, tun da yake a Littafi Mai Tsarki Hannatu ita ce uwar Sama'ila. Ba abin mamaki ba ne da Kirista da yawa suke kwatanta shi da Yusufu, wanda aka sayar bawa, daga baya ya zama sanadin alheri ga danginsa. Crowther da kansa yakan ɗauki ranar da aka kama shi ranar baƙin ciki ce wadda Ubangiji ya juyar ta zama albarka.

Daga nan aiki ya yi ta ƙaruwa. A 1851 ya gana da Sarauniya Biktoriya, ya karanta mata Addu'ar Ubangiji da Yarabanci. A 1854 ya sāke hawa Kwara da Binuwai tare da Likita Baikie, wannan karon kuwa ba wanda ya mutu, saboda sun riƙa shan kwinin. A 1857 aka kafa mishan a Anacha. A wannan tafiya jirginsu, Dayspring, ya daki dutse kusa da Jabba ya fashe, suka zauna a gaɓar kogi kusan shekara guda suna jiran wani jirgi. Wani da sai ya zauna yana ƙunƙuni. Shi kuwa sai ya ɗauki takarda da alƙalami ya shiga koyon Nufanci, har daga baya ya buga littafin koyon karatu da nahawu na harshen.

A ƙarshen 1862 gobara ta cinye gidansa a Ikko. Tare da gidan suka ƙone takardun fassarar Littafi Mai Tsarki da yake yi zuwa Yarabanci, da kalmomi da karin magana da ya yi shekara goma sha ɗaya yana tarawa daga bakin dattawa. Wanda ya taɓa ɓatar da littafin rubutunsa ana gobe jarrabawa ya ɗan san zafin abin, amma ina aikin zango ɗaya ina na shekara goma sha ɗaya? Ya koma ya fara daga tushe. A shekarun 1880 aka kammala Littafi Mai Tsarki na Yarabanci, kuma shi ne jigon aikin.

Ran 29 ga Yuni, 1864, aka naɗa shi bishop a babbar majami'ar Kantabari, Jami'ar Oksfod kuma ta ba shi digirin girmamawa. Cikin taron har da Sir Henry Leeke, hafsan jirgin yaƙin da ya ƙwato shi shekara arba'in da biyu da suka wuce. Sai dai rigar bishop ba ta kare shi daga wulakanci ba. A 1867 wani basarake mai suna Abokko ya tsare shi da ɗansa Dandeson a bakin kogi wajen Idda, ya ƙwace musu kaya, ya ce sai an biya fansa mai yawa. Mataimakin jakadan Ingila da ke Lakwaja, William Fell, ya zo ya fitar da su, amma suna gudu zuwa kwalekwale sai kibiya mai dafi ta same shi, ya mutu. Crowther bai bar kogin ba.

Zamansa da Musulmi abin lura ne. Cikin maharan da suka ƙone garinsu akwai Musulmi, Yarabawa da Fulani, bai kuwa ɓoye wannan a rubutunsa ba. Duk da haka bai riƙe kowa a zuciya ba. Tun yana matashin malami a Saliyo ya lura cewa kana iya kayar da mutum a gardama, zuciyarsa kuwa ta ƙara nisa da kai. Saboda haka ya bar musu. Yakan yi wa sarakuna gaisuwa yadda ta kamata, yakan ba da Littafi Mai Tsarki na Larabci kyauta, in an tambaye shi ya buɗe littafi ya karanta amsa, ya yi shiru. Ya yi hulɗar mutunci da Etsu Masaba na Bida shekara da shekaru. A 1872, a fadar Sarkin Ilori, aka yi masa tambayoyi a kan Yesu Almasihu a gaban malamai, ya amsa ba tare da ya ɓoye abin da ya gaskata ba, ba kuma tare da ya zagi addinin kowa ba. Har ya karanta musu addu'ar da Kirista ke yi wa mai mulki, ya bayyana cewa sunan sarkin ƙasar da ake ciki ake sawa. Aka rabu lafiya. A shekarun 1880, da barasar Turawa ta soma lalata ƙasar Nufe, ga Crowther Etsu Maliki ya aika da wasiƙa, yana roƙonsa ya kai kuka wurin Sarauniya a hana shigo da ita. Sarki Musulmi bai ga wanda ya fi amincewa da shi a wannan magana ba sai bishop.

Jarraba mafi zafi ba daga fataken bayi ta zo ba, daga cikin gida ta fito. Henry Venn, sakataren C.M.S. wanda ya tsaya masa, ya rasu a 1873. Matarsa Susan ta rasu a 1880. Zamani kuma ya juya, Turawa sun shiga rabon Afirka, ra'ayin cewa baƙar fata ba zai iya shugabanci ba ya yi ƙarfi har cikin 'yan mishan. Wasu samarin Turawa masu zafin kai, irin su Graham Wilmot Brooke da J. A. Robinson, waɗanda suka sauka Lakwaja da niyyar shiga ƙasar Hausa, suka ce mishan ɗin Kwara ya ruɓe. Gaskiya ba duk zarginsu ne ƙarya ba. Akwai ma'aikatan da suka aikata mugun abu, shi kuma tsohon yana da saurin yafewa, ga tashoshin nesa da juna, ga ƙarancin kuɗi. Amma yadda suka bi da maganar ba ta dace ba. A taron kwamiti a Anacha, cikin Agusta 1890, samarin da ba su kai sa'ar 'ya'yansa ba suka yi ta dakatar da limaman da shi ya naɗa, har da ɗansa Dandeson, a gaban idonsa. Dattijo mai shekara tamanin da wani abu bai ɗaga murya ba, bai rama ba. Ya ajiye shugabancin kwamitin, ya rubuta wa Landan bayaninsa cikin ladabi. Wasu masu tarihi na ganin haƙurin nan ya yi yawa, da ya tsawata tun da wuri da abin bai kai haka ba. Ni dai ina ganin mutumin da ya ga garinsu na ci da wuta saboda rikicin cikin gida ba zai so ya zama sanadin tsagewar ikkilisiya ba.

Ciwon shanyewar jiki ya kama shi a 1891, ya rasu a Ikko ran 31 ga Disamba na wannan shekara. Robinson ya riga shi mutuwa da 'yan watanni, Brooke kuma ya bi baya a 1892 a Lakwaja, ba su kai ga ƙasar Hausa ba. Bature aka naɗa a gurbin Crowther, aka kuma yi shekara sittin kafin wani ɗan Nijeriya ya sāke riƙe dayosis na kansa a Cocin Angilikan. Ɗansa Dandeson ya ci gaba da jagorancin ikkilisiyoyin bakin teku, jikansa Herbert Macaulay kuma ya zama ɗaya daga cikin iyayen gwagwarmayar neman 'yancin Nijeriya.

An binne shi a maƙabartar Ajele. A 1971 gwamnatin Jihar Legas ta nemi karɓar filin don yin gine-gine, daga baya aka kwashe ƙasusuwansa aka mayar harabar babbar majami'ar Angilikan da ke Marina. A 2014, shekara 150 da naɗinsa, aka yi sujada ta musamman a majami'ar Kantabari inda aka ɗora masa hannu, Akbishop Justin Welby ya tashi a gaban jama'a ya nemi gafara a madadin Cocin Ingila saboda abin da aka yi masa.